Daga Tashar Jirgin Yaƙi zuwa Ofishin Razdan: Tarihin Lakwaja a Idon Mutumin Daura

Mutumin Daura, wanda ya tashi yana jin hikayar rijiyar Kusugu, yadda macijiya ta hana jama'ar gari ɗibar ruwa sai ranar Juma'a har Bayajida ya zo ya kashe ta ya auri Magajiya Daurama, ba ya bukatar wani malami ya karantar da shi cewa wanda ya tsare bakin ruwa shi ne ya riƙe wuyan jama'a. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka lura cewa mulkin Nasara, wanda ya zo ya yanka iyaka a arewacin ƙasarmu, ya tuɓe sarakuna ya naɗa waɗansu, shi ma daga bakin ruwa ya taso, a Lakwaja, inda Kwara da Binuwai suka haɗu. Kuma ofishin Razdan, wanda kakanninmu suka sani da takarda da alƙalami, asalinsa matsayar jiragen yaƙi ce da aka gyara aka mai da ita mazaunin masu mulki.

Al'amarin ya faro ne a shekarar 1841, sa'ad da gwamnatin Ingila ta aiko da jirage uku na tururi a ƙarƙashin hafsoshin rundunarta ta ruwa, da hujjar hana cinikin bayi da buɗe hanyar tijara. Suka hau Kwara har Idah, suka ƙulla alkawari da Attan Igala, suka karɓi fili a mahaɗar kogunan nan biyu domin kafa gona ta gwaji. To, amma ƙaddara ta riga fata, domin masassara ta auka musu, ta kashe Turawa sama da arba'in cikin 'yan watanni, sauran suka juya da baya. A cikin wannan ayari akwai Samuel Ajayi Crowther, da wani Bajamushe mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, wanda daga bisani ya wallafa littattafan nahawu da ƙamus na Hausa. Wato tun ranar farko, koyon harshenmu yana tafe cikin jirgi ɗaya da igwa.

Wanda ya warware musu matsalar masassara shi ne William Baikie, likita a rundunar sojan ruwa, wanda a 1854 ya hau Binuwai da jirgi mai suna Pleiad, yana shayar da mutanensa kwinin kowace rana, har ya komo ba tare da ya rasa ko mutum ɗaya ba. Da ya sake dawowa a 1857, jirginsa Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya farfashe, sai ya zauna a ƙasar, kuma wajen 1860 ya kafa mazauni a Lakwaja da yardar Etsu Nupe Masaba. A nan ne matsayar jirgi ta fara rikiɗa, domin Baikie, alhali shi likita ne, ya zama shi ne alƙali, shi ne shugaban kasuwa, shi ne kuma wakilin Sarauniyar Ingila a wajen sarakunan ƙasa, yana magana da Hausa, yana aika wasiƙu, har ya taka ƙasa ya je Kano a 1862. Ya rasu a Saliyo a 1864, yana kan hanyar komawa gida. Bayansa gwamnati ta ajiye ƙaramin jakada a Lakwaja, amma ta rufe ofishin a 1869, aka bar amanar 'yan kasuwar Turawa a hannun Masaba. Abokin tafiyar Baikie kuwa, Laftanar John Glover, shi ma hafsan ruwa, shi ne ya tara Hausawa a Ikko a 1863 ya kafa rundunar da ta zama ɗaya daga cikin tushen sojan Nijeriya.

Ya kamata mai karatu ya dubi wannan zamani da kyau, domin a lokacin Bature baƙo ne mai neman alfarma, yana kai gaisuwa fada, yana zaune bisa amana, kuma babu wani sarkin Musulmi da zai kalli 'yan rumfunan Lakwaja da ke gindin Dutsen Patti ya yi zaton daga nan ne za a rushe daular Shehu Usmanu. Abin da ya juya lamarin shi ne kamfani. George Goldie ya haɗa kamfanonin Ingila masu ciniki a Kwara a 1879, ya sami takardar izinin mulki a 1886 da sunan Kamfanin Neja, ya mai da Lakwaja barikin sojojinsa da matattarar jiragensa. Daga nan ne ya fita a Janairun 1897 ya ci Bida da Ilori. Kuma sirrin nasararsa shi ne jiragen da suka yi ta sintiri a kan Kwara, suka hana rundunar Nupe da ke kudancin kogi ƙetarowa ta ceci birninta.

Ranar 1 ga Janairu 1900 aka yi fareti a Lakwaja, aka sauke tutar kamfani aka ɗaga ta Ingila, Gwamna Lugga ya karɓi ragama. Gwamnati ta biya kamfanin diyyar fam 865,000, ta gaji barikinsa da matsayar jiragensa da da yawa daga gine-ginensa, waɗanda aka mai da su ofisoshi da masaukin ma'aikata. Aka kuma kawo gidajen katako daga Ingila, yankakku, aka harhaɗa su a kan ginshiƙai domin iska ta ratsa ƙarƙashinsu kuma gara kada ta ci su. Waɗansunsu suna nan tsaye har yau, kuma fadar gwamnatin Jihar Kogi da sunan Lugga ake kiranta. Daga irin waɗannan ɗakuna ne aka riƙa tura Razdan-Razdan zuwa biranen sarakuna, a zahiri da sunan mashawarta masu sada zumunci, a baɗini kuwa masu umarni da hani, kamar yadda Ingila ta saba yi a fadojin sarakunan Indiya.

Hedkwata ba ta daɗe a bakin Kwara ba: daga Lakwaja da Jebba aka koma Zungeru a 1902, sa'an nan Kaduna a 1917. Kano ta faɗa hannun Turawa ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris, Katsina kuma ta karɓe su ba tare da yaƙi ba. Daura, wadda Malam Isiyaku ya ci a zamanin jihadi har zuriyar sarakunanta na dā suka koma Zango da Ɓaure, ta ga hukunci iri biyu daga hannun baƙin nan: yarjejeniyar Ingila da Faransa ta bar wani sashe na ƙasarta a hannun Faransa, sa'an nan Turawa suka ɗauko Malam Musa daga Zango suka mai da shi gadon kakanninsa. Aka sa masarautar cikin Lardin Kano, har zuwa 1934 da aka haɗa ta da Katsina.

Ita kuwa Lakwaja, da mulki ya tashi daga cikinta, sai aka mai da ita wurin tsare sarakunan da aka tuɓe. Can aka kai Sarkin Zazzau Kwasau, da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a can a 1926. Kaburburansu suna unguwar Kabawa, Allah Ya jiƙan su da rahama. Saboda haka ina kira ga malamanmu na tarihi da ɗalibansu, na Daura da na sauran ƙasar Hausa, da su ɗauki Lakwaja a matsayin wani babi na tarihinmu, su je su ziyarci waɗannan kaburbura, su ga gidajen katakon nan da idonsu tun ba su rushe ba, su kuma rubuta abin da suka gani da Hausa domin 'yan baya.