Alhamis ta farkon wata: Ummu Kulsum da masu sauraronta

Daga 1937 har farkon 1973, akwai wani dare da mutanen Masar ba su haɗa shi da wata sabga. Alhamis ta farkon wata, bayan sallar lisha, wato daren Juma'a a lissafinmu, gidan radiyon Alƙahira ya kan watsa wasan Ummu Kulsum kai tsaye daga zauren da take waƙa. Hakanan ake yi kowace shekara, tun shigowar sanyi har farkon zafi. Masu shago su kan rufe da wuri, gidajen gahawa su cika, wanda ke da radiyo ya wayi gari da baƙi cike da tsakar gida. Da tafiya ta yi tafiya, al'adar ta ƙetare iyakar Masar, ta kai Bagadaza ta gabas, ta kai Kazablanka ta yamma.

Mu da muka tashi da salula a hannu, mawaƙin da muke so muna ganinsa sau goma a yini. To, mi ya sa mace guda da ake ji sau ɗaya a wata ta riƙe zukatan miliyoyin mutane shekara talatin da shida? Murya tana ciki, ba shakka. Amma tarihin ya nuna wani abu bayan murya: masoyanta suna da hannu a cikin waƙar, kuma radiyo ya kan kai wa na nesa muryarta tare da tasu.

An haife ta wajen 1900 a ƙauyen Tamay az-Zahayra, cikin yankin da kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Mahaifinta, Shehu Ibrahim, limamin ƙauyen ne, kuma ya kan yi waƙoƙin yabon Annabi a wajen maulidi da bukukuwa don ya ƙara da ɗan abin da yake samu. Ɗansa Khalid yake koya wa, sai ɗiyar ta riƙa ɗauka daga gefe har ta fi yayanta. Da uban ya ji muryarta sai ya fara tafiya da ita yawon ƙauyuka, amma cikin tufafin yaro namiji, saboda a ganin mutanen lokacin abin kunya ne ɗiyar liman ta tsaya gaban maza tana waƙa. Ta yi makarantar allo, ta haddace wani sashe na Alƙur'ani. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Wajen 1923 ta koma Alƙahira da zama. Birnin yana da manyan zabiyoyinsa, irin su Munira al-Mahdiyya, kuma ƴan birni sun yi wa baƙuwar kallon baƙauya. Cikin shekara uku ta sake komai. Ta sallami ƴan amshin gidansu, ta ɗauki ƙwararrun makaɗa masu garaya irin ta Larabawa da ake kira ud, da ƙanun, da goge irin na Turawa. Ta sake sutura. Ta yi karatun waƙa a hannun Shehu Abul Ila Muhammad, ta ƙulla aiki da marubuci Ahmad Rami wanda ya rubuta mata waƙoƙi fiye da ɗari, da kuma Muhammad al-Ƙasabji mai tsara kiɗa. Faya-fayen garmaho da ta yi a shekarun nan sun sayu ƙwarai, har ta kai ga tana gindaya wa kamfanoni sharaɗi kan kuɗinta.

Amma faifai yana da aibi guda. Fuska ɗaya ta faifan garmaho mintoci kaɗan take ɗauka, alhali waƙar Larabawa ta gaske mai dogon zango ce. Ranar 31 ga Mayu 1934 aka buɗe gidan radiyon gwamnatin Masar, kuma Ummu Kulsum na cikin waɗanda suka yi waƙa a buɗewar. Bayan shekara uku aka fara watsa wasanta na Alhamis kai tsaye. Nan ne ƙulle ya kwance: wanda ba shi da kuɗin tike, wanda yake ƙauye, matar da ba ta fita da dare, duk suka samu hanyar jin wasan da tsawonsa.

Ga yadda daren yake. Ana farawa wajen ƙarfe goma, a tashi ƙarfe biyu ko uku na dare. Waƙa biyu ce ko uku kacal, da hutu a tsakani, kowace tana iya cin awa guda. Makaɗa su fara, ita tana zaune kan kujera tana jira. In lokacinta ya yi sai ta miƙe, da ɗan gyale a hannu, ta tsaya nesa da mikro saboda ƙarfin muryarta. Waƙar da aka rubuta ba ta kai awa ba. Mutanen zaure ne ke miƙa ta. In ta rera baiti ya shige su, sai su ɗauki sowa, wasu na kiran sunan Allah, wasu na roƙon ta maimaita. Sai ta maimaita, amma da wani salo dabam: ta ja wasalin da ɗazu ta gajarta, ta tsaya kan kalmar da ɗazu ta wuce, ta sauya hawa da saukar murya. Baiti guda ana iya komawa kansa sau da yawa, kowane da kamarsa. Larabawa suna kiran halin da mai sauraro ke shiga a lokacin nan ɗarab, wato daɗin da ke girgiza mutum har ya manta inda yake. Suna kuma da suna ga gwanayen sauraro, sammi'a, waɗanda suka san inda ya kamata a yi sowa da inda ya kamata a yi tsit. Ita ko tana kallon fuskokinsu, tana auna su, da abin da ta gani take yanke shawarar ta wuce ko ta tsaya.

Shi ya sa in kun saurari tsofaffin naɗe-naɗen wasanninta za ku tarar waƙa guda, dare biyu, tsawo biyu. Kuma hayaniyar zauren tana ciki, ba a goge ta ba. Manomin da ke gefen radiyo a kudancin Masar yana jin sowar mutanen Alƙahira, shi ma ya yi tasa a daidai wurin. Kafar watsa labarai a nan ta faɗaɗa zauren ne har ya zama faɗin ƙasa.

Yanzu mu komo kan makarantar allo, don nan ne abin ya shafi mu ɗaliban harshe. Larabci hawa biyu ne: akwai fusha, harshen littafi da huɗuba, akwai kuma ammiyya, harshen gida da kasuwa. A 1959 masanin harshe Ba'amurke Charles Ferguson ya yi rubutu mashahuri kan irin wanga zama na harshe mai hawa biyu, kuma Larabcin Alƙahira na cikin misalansa. Bambancin har a furuci yake: harafin ƙaf na littafi, Ba'alƙahire hamza yake mai da shi a hira. Ummu Kulsum ta yi waƙa a hawa biyun duka. Bairam at-Tunisi ya rubuta mata da harshen titi, Zakariyya Ahmad ya sa kiɗa. A gefe guda, a 1946 ta rera ƙasidun Ahmad Shauƙi da fusha mai nauyi, da kiɗan Riyad as-Sunbaɗi. A lokacin mafi yawan mutanen Masar ba su iya karatu ba. Amma saboda horon tajwidi da ta samu tun tana ƙarama, kowane harafi yana fita daga mafitarsa, kuma maimaici yana ba kunne lokacin kama ma'ana. Da haka direba da ɗan dako suka haddace baitocin da a da sai a littafin ƴan boko da malamai ake samunsu.

Har ma'anar waƙa masu sauraro sun sa wa hannu. Ɗaya daga cikin ƙasidun Shauƙi, Salu Ƙalbi, yabon Annabi ce. Amma akwai baiti a ciki mai magana kan ƙwatar haƙƙi da himma, kuma a 1946 sojojin Ingila suna nan jibge a Masar. Duk sa'ad da ta iso baitin sai zaure ya rikice da sowa. Shauƙi ya rasu tun 1932, bai san da wannan dare ba. Jama'a ne suka mai da baitinsa taken neman ƴanci.

Ta kuma san yadda ake riƙon suna. Ta fito a fim shida tsakanin 1936 da 1947, daga Widad zuwa Fatma, sa'annan ta bar sinima ta tsaya ga waƙa. Rayuwarta ta gida ta kulle ta. In ta yi hira da ƴan jarida, labarin da ta fi bayarwa shi ne na ɗiyar ƙauye, ɗiyar liman, wadda ta san talauci. Talakawa suka ga tasu ce, masu mulki kuma suka ga ba a raba ta da jama'a. Bayan sojoji sun kifar da Sarki Faruk a Yuli 1952, an ɗan janye waƙoƙinta daga radiyo saboda ta taɓa yi wa sarki waƙa, amma janyewar ba ta daɗe ba, kuma ta zama na kusa da Gamal Abdul Nasir. A 1953 aka buɗe tashar Sautul Arab mai watsa shiri zuwa ƙasashen Larabawa, ƙananan radiyo masu batir suka bazu, telebijin ya zo a 1960. Kowace sabuwar na'ura ta tarar da ita a shirye. A 1964 ta yi Inta Umri tare da Muhammad Abdul Wahab, wanda aka daɗe ana ɗauka abokin hamayyarta ne, har da jita mai lantarki a cikin kiɗan, don kunnen samarin zamanin.

Gaskiya ita ce kusancinta da mulki yana da farashi. Muryarta ta yi wa gwamnatin Nasir aiki, kuma akwai ƴan Masar da suka zarge ta da cewa dogayen waƙoƙinta na bege sun sa jama'a barci suna mafarki har masifa ta same su. Masifar ita ce yaƙin Yuni 1967, inda Isra'ila ta karya sojojin Masar cikin kwana shida. Amsar da ta bayar ita ce yawon wasa don tara wa ƙasarta kuɗi. A Nuwamba 1967 ta yi dare biyu a zauren Olympia na Pari, inda ma'aikata da ɗalibai Larabawa mazauna Turai suka cika wurin. A 1968 ta je Maroko, Tunisiya da Sudan. Daga baya ta ɗauki waƙar wani marubuci ɗan Sudan, al-Hadi Adam, ta rera ta a 1971. Soyayyar da aka gina a daren Alhamis ta koma kuɗi tsaba a baitulmalin ƙasa.

Ta rasu ranar 3 ga Fabrairu 1975. Ranar jana'iza miliyoyin mutane suka cika titunan Alƙahira. Jama'a suka karɓe makarar daga hannun waɗanda aka sa su ɗauka, suka riƙa miƙa ta daga kafaɗa zuwa kafaɗa tsawon awoyi har masallacin Husaini, kafin a samu a kai ta makwanci. Mutanen da suka saba tsayar da ita kan baiti guda sun tsayar da ita a hanya, karo na ƙarshe.

Wanga tsari ba baƙo ba ne a kunnen Bahaushe. Mamman Shata da kalangunsa da ƴan amshinsa haka ya riƙa yi a zamaninsa: ya dubi wanda ya shigo fili, ya ƙirƙiro baiti nan take, waƙa ta miƙe ko ta gajarce gwargwadon yadda taro ya karɓa. Makaɗan gidan buki a Maraɗi ko Damagaram har gobe da ido suke waƙa. Abin da ke sauyawa shi ne manyan wasanninmu na zamani. Sau nawa ake sayen tike, a jira har tsakar dare, mawaƙi ya hau dandamali a kunna masa waƙarsa daga na'ura, yana motsa baki yana tsalle? Pilebak ba ya jin sowa. Ko zaure ya tsage da kururuwa, minti huɗun nan dai su ne, kuma rabin ƴan kallo suna bayan salularsu suna naɗar abin da tuni yake cikin salular.

Ita kanta Ummu Kulsum an gwada mata irin haka. A 2019 a garin al-Ula na Saudiyya, sa'annan a 2020 a gidan opera na Alƙahira, an fito da siffarta da hasken na'ura, abin da ake kira hologiram, ga gyale a hannu, ga makaɗa na gaske a bayanta. Mutane sun zo, sun tafa. Sai dai duk wanda ya roƙi a maimaita masa baiti, siffar ba ta da kunnen jinsa.

Saboda haka, ƴan uwa, in mun zauna a fada ana gardamar wane mawaƙi ya fi wane, mu ƙara tambaya guda kan ta yawan mabiya a TikTok: in aka kashe na'ura aka bar shi da makaɗa da mu, zai iya riƙe mu awa guda? Mu ma akwai tambaya a kanmu. Sammi'an Alƙahira sun koyi sauraro kamar yadda ake koyon sana'a, sun san baiti, sun san harshe, sun san lokacin shiru. Mawaƙi ya kan kai inda masu sauraronsa suka iya raka shi.