Mota gida ce ga direban Dawanau: yadda ake tsare kuɗi da takardu a doguwar tafiya

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wata irin mota da ake ƙerawa da gado da madafa da makewayi a cikinta, iyali su shiga su yi makonni suna yawon buɗe ido. Ɗaya daga cikin abubuwan da ke damun masu irin wannan mota mai ɗaki shi ne inda za su ajiye kuɗi da fasfo da waya idan sun fita ko sun kwanta barci. A ƙasar Hausa ba a cika ganin irinta ba, amma akwai dubban mutanen da mota ta zama masu gida, ba don nishaɗi ba sai don neman abinci. Su ne direbobin manyan motoci da yaransu da 'yan kasuwar da ke bin kaya.

Wanda ke son ganinsu ya je Kasuwar Hatsi ta Dawanau da ke Ƙaramar Hukumar Dawakin Tofa, a kan hanyar Kano zuwa Katsina. An kafa kasuwar a 1985, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin hatsi a Afirka ta Yamma. Daga nan ake lodin masara da gero da dawa da wake da riɗi zuwa Legas da Fatakwal da Maraɗi da sauran garuruwa. Direban da ya tashi da lodi kan yi kwanaki bai kwana a ɗaki ba, kuma kan motar shi ne ɗakin kwanansa da ofishinsa da ma'ajiyarsa.

Me ya sa mota ba ta kai ɗaki tsaro ba?

Ɗaki yana da katanga da maƙwabta da suka san fuskar kowa. Mota kuwa gilashi ne da ƙarfe mara kauri, kuma kullum tana kwana a inda ba a san mai ita ba. Ɓarawo ba ya buƙatar dogon lokaci: ya leƙa, ya ga waya a jone tana caji, ya fasa ko ya zura hannu ta tagar da aka bari a buɗe saboda zafi. Wuraren da ya fara dubawa sanannu ne, wato aljihun gaban mota da ƙarƙashin katifa da bayan kujera da aljihun rigar da aka rataye.

Haɗarin yana ƙaruwa idan tafiya ta tsaya ba shiri. An ga haka lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a watan Agustan 2019, har zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, lokacin da motoci suka yi jerin gwano a iyakoki irin su Jibiya da Illela. Direban da ya yi shirin kwana uku ya tsinci kansa yana makonni a wuri guda, kowa ya san motarsa, kowa ya ga inda yake zaro kuɗin abinci.

Darasi daga fatake

Matsalar ba sabuwa ba ce. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro a ƙarni na 19 kan yi watanni a hanya kafin su isa Salaga, a cikin Ghana ta yanzu. Ba su tafiya ɗaiɗai. Ayari ake yi ƙarƙashin madugu, a sauka a zango, a yi gadi da dare. Abin da ya fi daraja kuma ba ya rabuwa da jiki, yana cikin lalita a ɗaure a ƙugu.

Idan sun isa gari, akwai mai masauki, wanda ake kira fatoma ko mai gida. Shi ke sauke baƙo, ya adana masa kaya da kuɗi, ya tsaya masa a ciniki. Masanin nan Abner Cohen ya bayyana yadda wannan tsari ke aiki a tsakanin Hausawan Sabo da ke Ibadan a littafinsa na 1969. Jarin mai gida shi ne sunansa. Ranar da ya ci amana, ranar kasuwarsa ta mutu. Ko a fiƙihun Malikiyya, ajiya amana ce, kuma wanda aka ba wa yana biya idan ya yi sakaci da ita.

Tarihi ya kuma ruwaito cewa da aka buɗe reshen banki a Kano a 1929, Alhassan Ɗantata, wanda shi ma da fataucin goro ya tashi, ya kai kuɗin azurfa a kan raƙuma 20 ya ajiye. Ke nan tun a wancan zamani manyan 'yan kasuwa sun gane cewa dukiyar da ba ta hau hanya ba ita ce ta fi tsira.

Kuɗi: a rage, a rarraba

Mataki na farko shi ne kada a ɗauki abin da ba a buƙata. Kuɗin kaya ya bi ta banki, a riƙe na mai da abinci da ƙananan gyare-gyare. Doka ma tana bayan haka. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, kamfani kuma Naira miliyan 10. Wanda zai ƙetare iyaka da abin da ya haura Dala 10,000 ko kwatankwacinsu, dole ya bayyana wa jami'an Kwastam.

Sai dai ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya nuna cewa dogaro da tura kuɗi ta waya kaɗai shi ma yana da nasa cikas, domin sabis kan ɗauke a daji. Don haka a riƙe tsabar kuɗi daidai gwargwado, amma a kasa su gida uku: na kashewa a aljihu, na ko-ta-kwana a jiki cikin lalita ko aljihun ciki, sauran kuma a akwatin ƙarfe. Akwatin da ba a ɗaure ba kyauta ce ga ɓarawo, domin sungumarsa zai yi gaba ɗaya. Masu motoci masu ɗaki a Turai kan ɗaure nasu da kusoshi a jikin ƙarfen mota ƙarƙashin kujera, kuma kowane mai walda zai iya yin irin wannan aiki. A ba wanda aka yarda da shi, kada a yi a bainar jama'a.

Waya da takardu

A yau wayar direba ta fi aljihunsa kuɗi, tunda layinsa yana haɗe da asusunsa. Wanda ya sace waya mara kulle zai iya kwashe asusu kafin gari ya waye. A sa lambar sirri a wayar da kuma a layin kansa, kada a rubuta lambar katin banki a takarda a ajiye tare da katin. A danna *#06# a kwafe lambar IMEI ta wayar a bar ta a gida, a kuma san hanyar rufe asusu daga wayar wani, wadda bankuna suka tanada. Kada a bar waya ko batirin caji a gaban gilashi cikin rana, domin zafi na lalata su, har yakan jawo gobara.

Lasisin tuƙi da takardun mota da na inshora da takardar kaya su kasance cikin leda mai hana ruwa, kuma kada a haɗa su da kuɗi wuri ɗaya. A bar kwafinsu wajen mai mota ko iyali, a kuma ɗauki hotonsu a waya.

Wurin kwana da abokin tafiya

Zangon yau shi ne wuraren da manyan motoci ke yada zango, irin su Mararrabar Jos da Tafa a hanyar Kaduna, da Ogere a hanyar Legas zuwa Ibadan. Ya fi kyau a isa kafin dare ya yi nisa, a tsaya inda akwai haske da masu gadi da sauran direbobin da aka sani. Idan direba zai je salla ko cin abinci, yaron mota ya zauna. Idan dukansu za su sauka, a kulle ƙofa a ɗaga gilashi ko da minti biyar ne. A guji ƙirga kuɗi a gaban mai shayi, da faɗin abin da aka ɗauko a waya cikin taro, da ɗaukar fasinjan da ba a sani ba da dare, da karɓar abin sha daga baƙon hannu.

Idan kuwa aka yi rashin sa'a 'yan fashi suka tare hanya, babu kuɗi ko kayan da suka kai rai. A ba su abin da ke aljihu, wanda shi ne ma amfanin rarraba kuɗi tun farko. Bayan an tsira a kira lambar gaggawa ta 112, ko 122 ta Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, a rufe asusu da layi, a sanar da mai mota da ƙungiyar direbobi, sannan a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, domin sai da rahoton ake sabunta takardun da suka ɓata.