Darasin maginan Adar kan iska

Idan ina koya wa ɗalibaina na Tebaram tarihin gini, da masallacin Yama nake farawa. Falke Barmu ya soma gina shi da laka a 1962, a 1986 ya ci kyautar Aga Khan. Maginan Adar irinsa sun san iska mai zafi sama take yi, kuma ba ta fita sai sabuwa ta samu hanyar shiga. Shi ya sa suke barin ƙofa ƙasa, 'yar taga sama.

Yau kuwa, tsoron ɓarayi da ƙura ya sa muna kulle injin wuta a ɗakin siminti marar taga. Inji ya ɗau zafi, hayaƙinsa ya taru, yana iya kashe mai gadi cikin barci. Jama'a, mu huda bango ƙasa da sama, mu fitar da bututun hayaƙi waje.