Larboard: Kalmar da Aka Kora Daga Teku

A shekarar 1844 hukumar sojojin ruwan Birtaniya ta ba jiragenta umarni cewa kada a ƙara amfani da kalmar "larboard". Bayan shekara biyu, a 1846, sakataren sojojin ruwan Amurka, George Bancroft, ya bi sahu. Ba kasafai hukuma ke kafa wa kalma guda doka ba, balle wadda ba zagi ba ce, ba saɓo ba. Ma'anarta kawai ɓangaren hagu na jirgin ruwa idan mutum ya fuskanci goshinsa. Laifinta shi ne ta yi kama da abokiyar zamanta "starboard", wato ɓangaren dama. Da tsakar dare, iska na kaɗawa, igiyar ruwa na dukan katako, hafsa ya ɗaga murya daga nesa. Abin da ke isa kunnen matuƙi shi ne wutsiyar kalmar, ita kuwa iri ɗaya ce a duka biyun. Wanda ya ji dama a maimakon hagu, ga duwatsu a gabansa, ba jirgi kaɗai za a rasa ba.

Mutuwarta ke nan, kuma a rubuce take. Inda gizo ke saƙar shi ne asalinta.

Ita starboard ba ta wahalar da kowa. A tsohon Turanci "steorbord" ake cewa: steor tuƙi, bord gefen jirgi. Jiragen arewacin Turai na wancan zamani ba su da abin juyawa a tsakiyar bayansu. Wani ƙaton filafili ake ɗaurewa a gefen dama, can kusa da gindin jirgin, domin yawancin mutane da dama suke aiki. Jirgin Gokstad, wanda aka tono a ƙasar Nowe a 1880, ginin wajen shekara ta 900, da filafilinsa aka same shi, na gefen dama. Duk wanda ya taɓa kallon masunci a Yawuri yana zaune a ƙarshen kwale-kwale, filafili a gefe guda yana karkata shi yadda ya so, ya riga ya gane dabarar.

To hagu fa? Wajen shekara ta 890 wani ɗan kasuwa daga arewacin Nowe mai suna Ohthere ya je fadar Sarki Alfred a Ingila, ya ba da labarin tafiyarsa zuwa ƙuryar arewa, aka rubuta. Ya ce ƙasa tana ɓangaren steorbord, buɗaɗɗen teku kuma yana ɓangaren "bæcbord". Ma'anarta gefen baya, saboda matuƙin da ya kama filafili da hannu biyu hagun jirgin yake juya wa baya. Wannan tsohuwar kalma tana nan da ranta a maƙwabta: Jamusawa na cewa Backbord, mutanen Holan bakboord, Faransawa suka aro suka mai da ita bâbord, mutanen Sifen babor. Turancin da ya rubuta ta tun zamanin Alfred shi ne ya yar da ita.

Abin da ya gaje ta ya ɓullo ne a ƙarshen ƙarni na 14, cikin wata waƙa mai suna Patience, wadda ke ba da ƙissar Annabi Yunusa. Mawaƙin, wanda sunansa ya ɓata, a bayyane yake ya san aikin jirgi, domin ya tsaya ya kwatanta yadda ma'aikata ke ɗaga anka da shimfiɗa ƙyallen jirgi kafin a tashi. A nan ya rubuta "laddeborde". Kwafi ɗaya tak na waƙar ya rage a duniya, kuma yana cikin tarin littattafan da ake kira na Cotton, waɗanda suka tsira daga gobarar da ta kama ma'ajiyarsu a Landan a 1731. Abin yana taɓa ni duk lokacin da na tuna: da wutar ta ci wannan ɗan littafi, da shaida mafi tsufa a kan kalmar ta tafi da shi.

Mece ce wannan ladde? Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne daga "lade" take, wato yin lodi. Hujjar a fili take. Jirgin da ke da filafili rataye a dama ba zai jingina damarsa da bakin tasha ba, sai filafilin ya karye. Dole ya kawo hagunsa, ta nan ake shigar da ulu da ganguna, ta nan fasinja ke hawa. Sai dai masu rubuta ƙamus suna taka-tsantsan, "mai yiwuwa" suke cewa, domin yadda mawaƙin ya ninka harafin d bai zauna daidai da lade ba. Ya fi kama da tsohuwar sigar kalmar Turanci mai nufin ja-gora. Akwai kuma masu danganta ta da wata tsohuwar kalma mai nufin wofi, wai gefen da babu matuƙi a kansa.

Bayanin da ya fi daɗin ji shi ne ya fi rauni. Ƙamus ɗin ma'aikatan jirgi na Admiral William Henry Smyth, wanda ya fito a 1867, ya kawo cewa Italiyawa suna ganin daga harshensu kalmomin biyu suka fito: questa borda, wannan gefe, da quella borda, wancan gefe, aka taƙaita su. Labarin Ohthere kaɗai ya isa ya rusa wannan, tunda steorbord tana rubuce a Ingila da ma'anarta ta tuƙi tun ƙarni na 9.

Ni dai ina tare da masu cewa lodi ne, kuma dalilina yana cikin kalmar da ta maye gurbinta. "Port" na nufin tashar jiragen ruwa, tana kuma nufin ƙofar da ke jikin jirgi ta shigar da kaya. Ko wacce aka ɗauka, waje ɗaya take nunawa: gefen da ke kallon tudu. Ba sabuwa ba ce a 1844. Sir Henry Mainwaring, tsohon ɗan fashin teku da Sarki James na Ɗaya ya yafe wa, ya sa ta a ƙamus ɗinsa da aka buga a 1644 a matsayin kalmar ba matuƙi umarni. Ashe ma'aikatan jirgi sun yi shekara ɗari biyu suna kauce wa larboard a wurin da kuskure ke kisa kafin hukuma ta sa hannu.

Ita kanta kamar da ta jawo wa larboard kora ba da ita aka haife ta ba. Laddeborde da steorbord ba su rikitar da kunne sosai. Yawan furta su tare ne, dama da hagu, safe da yamma, ya sa zuwa ƙarni na 16 baki ya lanƙwasa ɗayar ta koma larboard don ta yi amo da 'yar uwarta. Wannan r da ta shigo ita ta shafe sawun asalin kalmar, ita ce kuma ta sa aka kasa bambanta su cikin hadari.

Doka ba ta kashe ta nan take ba. Masu farautar kifin wel sun riƙe ta, shi ya sa ake cin karo da ita a littafin Moby-Dick na Herman Melville, na 1851. Mark Twain, wanda ya yi aikin ja-goran jiragen tururi a kogin Misisifi kafin yaƙin basasar Amurka, ya rubuta a littafinsa na 1883 cewa an daina amfani da ita a teku, amma a zamaninsa ita ake faɗa a kan kogi.