Daren da Tafkin Nyos Ya Amayar da Ajiyarsa

A tsaunukan arewa maso yammacin Kamaru, kusa da garin Wum, akwai wani tafki da ke kwance cikin bakin tsohon dutse mai aman wuta. Sunansa Nyos. Faɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma zurfinsa ya haura mita 200, ga duwatsu sun yi masa katanga suna tare masa iska. Manoma sun zauna a kwaruruka, Fulani makiyaya kuma suna kiwo a kan tuddai.

Wannan kwanciyar da ruwan ya yi ita ce mafarin masifar. Daga ƙarƙashin ƙasa iskar kabon dayoksaid take tsattsafowa tana narkewa a gindin tafkin, nauyin ruwan sama yana danne ta kamar murfin kwalbar lemo. Tafkunan ƙasashe masu sanyi sukan juya ruwansu da sauyin yanayi, su fitar da irin wannan iska kaɗan-kaɗan. Nyos ba ya juyawa, sai tarawa.

A daren Alhamis, 21 ga Agusta 1986, murfin ya buɗe. Iskar ta taso, kuma da yake ta fi wadda ake shaƙa nauyi, sai ta gangara kwari tana korar numfashi daga duk inda ta bi. Mutum 1,746 suka rasu a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum da kewayensu, tare da dabbobi kimanin 3,500. Waɗanda suka farfaɗo sun tarar da ɗakuna a tsaye, tukwane a kan murhu, 'yan'uwansu kwance kamar masu barci. Ruwan tafkin kuwa ya rine ya koma ja saboda ƙarfen da ya taso daga gindinsa.

Abin takaici, gargaɗi ya riga ya zo. A 1984 Tafkin Monoun, shi ma a Kamaru, ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, aka yi ta raɗe-raɗin makamin guba. Ko bayan Nyos ma, sai a 2001 aka kafa bututun farko na zuƙe iskar, aka ƙara biyu a 2011.

Fargabar ba ta tsaya a Kamaru ba. A lokacin, gaɓar da ke riƙe da tafkin daga arewa mai rauni ce, kuma da ta ɓalle, da ruwan ya bi Kogin Katsina-Ala ya shigo Najeriya. Wannan na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.