Gyaran Ƙafar Mota: Daga Filin Tsere zuwa Garejin Lafia

Ƙafar mota ita ce duk abin da ke tsakanin taya da gangar jiki: sifirin mai ɗaukar nauyi, shokozoba mai kwantar da tsallen sifirin, bushin na roba, da sandar ƙarfe da ke haɗa dama da hagu don kada mota ta kwanta a kwana. Tafiyar mota ko rashin tafiyarta a hannun direba ya dogara ne kan yadda aka daidaita waɗannan.

Masu tseren kwalta a Turai sun zurfafa wannan ilimi. Sukan rage tsayin mota, su sa sifirin mai tauri, su ɗan karkatar da saman taya zuwa ciki domin ta shimfiɗu sosai idan nauyi ya faɗa mata a kwana. Ƙa'idar da suka tabbatar guda ce: ɓangaren da aka fi ƙara wa tauri shi ke fara sakin ƙasa. In gaba ne, mota sai ta ƙi kwana, direba na murza sitiyari tana miƙewa. In baya ne, gindinta sai ya zame ya nemi wuce kanta. Aikin gwani shi ne ya raba taurin yadda tayoyi huɗu za su riƙe ƙasa tare.

A Arewa, an ga aikin ilimin ƙafar mota a jikin Fijo 504. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, aka fara harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna, a 1975. A wannan shekarar ta ci tseren Safari na Kenya a hannun Ove Andersson ɗan Suwidin, ta ci na Maroko a hannun Hannu Mikkola ɗan Finland. Tseren daji kuwa akasin na kwalta yake buƙata: mota mai tsayi, sifirin mai nisan tafiya sama da ƙasa, da shokozoba da ba ya mutuwa in ya yi zafi a gargada. Abin da hanyoyin Najeriya ke nema ke nan. An ba ƙaramar 504 ƙafar baya mai cin gashin kanta, kowace taya da motsinta. Wagon ɗin an yi mata gatari guda da naɗaɗɗen sifirin biyu-biyu a kowane gefe, akori-kura kuma sifirin mai falle-falle.

Lafia gari ne na lodi. Doya, gyaɗa, riɗi da agushi na fitowa daga ƙauyukan Doma, Obi da Awe, ga fasinjan Makurdi da na Akwanga. Da garin ya zama hedikwatar Jihar Nasarawa a 1996, zirga-zirgar Abuja ta ƙaru, gyaran ƙafa ya zama sana'ar da wasu makanikai suka keɓanta da ita. Ba su da na'ura, hannu da kunne ne ma'auninsu. Makanike zai danna kusurwar mota da dukkan nauyinsa ya saki: in ta taso ta tsaya, shokozoba na da rai, in ta yi ta lilo, ya mutu. Zai shafa tafin hannu a kan taya, in gefe guda ya fi cinyewa sai ya tura mai mota wajen alaimin. Mai akori-kura da ya zo da kukan gindi na taɓa ƙasa, sai a kwance sifirin, a buga shi da guduma ya sake lanƙwasa, a ƙara masa falle ɗaya ko biyu.

Nan ne haɗarin yake, kuma ya cancanci a faɗe shi ƙarara. Ƙarin falle yana ɗaukar buhu, amma ranar da motar ta dawo wayam, bayanta ya yi tauri fiye da gaba, tana tsalle a rami, tana zamewa a kwana. Gangaren dutsen da ke tsakanin Akwanga da Nasarawa Eggon ya ci rayuka da yawa, kuma irin wannan gangare mai kwana ba ya yafe wa motar da gabanta da bayanta suka saɓa.

Yau 504 ta yi ƙaranci, motocin Beljiyam irin su Golf, Sharon da Sienna sun cika tasha. An ƙera su ne don kwalta mai santsi, don haka ake cusa musu zoben roba ko na ƙarfe a kan sifirin a ɗaga su. Ɗagawar tana tsare cikin mota daga dutse, amma tana hawar da nauyi sama, tana kuma sauya zaman taya, shi ya sa makaniken kirki ba ya sallamar irin wannan mota sai an sake yi mata alaimin. Tun da aka mayar da hanyar Keffi zuwa Makurdi tagwaye, gudu ya ƙaru, kuma motar da aka ɗaga don gargadar Awe ita ce ke shiga kwanar Akwanga da fasinja cike.