Ƙiba Ba Ƙarfi Ba Ce

Jama'a, kokawa ta girmi iyakar nan ta Jibiya, wadda Ingila da Faransa suka shata a 1906. Da kaka ake yinta, gero ya shiga rumbu, samari sun sha fura da nono, jiki ya murje. A 1975 Nijar ta fara gasar takobi a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Da tsoka ake kayarwa, ba da tumbi ba.

To, ku lura, kitse ba ya rikiɗa ya zama tsoka. Wanda ya yi ƙiba ya rage mai da sukari, ya riƙe wake, da kifi, da ƙwai, ya dinga aikin ƙarfi. Kada ya zauna da yunwa, har tsoka take ci. Ragin rabin kilo a mako ya isa. Mai ciwon sukari ya tambayi malamin asibiti tukuna. Sannu ba ta hana zuwa.